Kaset ɗin Ƙarfe Ɗaya

Assalamu alaikum. Masu bina tun farko, ku yi haƙuri da shirun da na yi. Wanda yau ya fara cin karo da ni kuwa, sunana Suwaiba, haifaffiyar unguwar Kilomita Biyar a Bangui, kuma abin da zan ba ku ya faru ne a shekarun da sojoji suka riƙa bore saboda albashi. Wata a cikinku ta rubuto ta ce ta san zan rubuta wannan ɓangaren ina kuka. Ba na yi, 'yar uwa. A lokacin ma ban yi ba.

Aikina a gidan rediyon gwamnati ba karanta labarai ba ne. Ni 'yar sashen talla ce. Gwamnati ta daina ba mu komai sai alkawari, shi ne aka ce in riƙa bin 'yan kasuwa ina lallashinsu su ɗauki nauyin shiri, mu kuma mu ambaci sunansu. Wani ya ba mu katan na sabulu a raba wa ma'aikata. Wani takardar rubutu. Wani ya ba ni shayi ya ce in dawo bayan salla, da na dawo ya sake ba ni shayi. Takalmana duk a titin Koudoukou suka ƙare.

Sai kun san 'yan kasuwar unguwarmu za ku gane wahalar aikin. Wanda ya fi kowa dukiya shi ne wanda shagonsa ba allo ba fenti. Ƙofa guda, benci, buta. Kayan suna can baya inda ido ba ya kaiwa. Ko kakan mutum a nan aka haife shi, ba ya so a ji sunansa a gari. Alhaji Ɗantsoho, mai sarin shinkafa da sukari da gazwal, wato man dizal, shi ne gwaninsu a wannan ɓuya. Ko gaisuwa ƙasa-ƙasa yake amsawa.

Ɗansa Jamaluddeen na tarar a shagon ranar da na je. Farar jallabiya, hula a karkace, biro a bayan kunne.

"To in na ba ku gazwal na janareta, ni me zan samu?"

"Kullum kafin labaran ƙarfe ɗaya, duk Bangui za ta ji sunan gidanku."

"Duk Bangui ta yi mini yawa, Malama. Mutum ɗaya nake so ta san sunana, ga ta kuwa zaune a kan buhun sukarina ba ta nemi izini ba."

Na miƙe da sauri. Ya ce in zauna, buhun ya yafe.

Haka aka fara. Da muryata na naɗi tallar a kaset, da Faransanci da Sango: "Wannan shiri yana zuwar muku ne bisa ɗaukar nauyin Etablisman Ɗantsoho, Kilomita Biyar. Shinkafa, sukari, gazwal." Alhaji da ya ji ya yi faɗa, ya ce an sa sunansa a bakin akwatin kowa har na mashaya. Da masu sari suka fara zuwa daga ƙauyuka suna tambayar shagon, sai ya yi shiru. Bai taɓa cewa ya yarda ba, shiru kawai ya yi. Daga baya manyan su Jamaluddeen suka zo gidanmu neman aurena, aka yi magana, aka sa rana bayan babbar salla. Mahaifiyata Inno ta fara tara tukwane a ƙarƙashin gado, tana kuma tuna mini safe da yamma cewa matar gidan Ɗantsoho ba ta yawon shaguna da jaka a hammata.

Mai kula da na'urorinmu wani dattijo ne, Papa Firmin. Sau ɗaya ya manta bai sa kaset ɗin ba, ƙannen Jamalu suka yi ta yi masa tsiya cewa an sha gazwal ɗinsa a banza. Washegari na tsaya a kan Papa Firmin na ce, "Papa, ko gobara ake yi a gidan nan, kaset ɗin nan shi zai fara shiga kafin kowa ya buɗe baki. Ka ji ni?" Ya ce ya ji. Har jan zare ya ɗaura masa ya rataye a jikin na'urar.

Ranar da abin ya tashi ina gida. Tun safe ake jin harbi daga wajen bariki, ba wanda ya fita. Inno tana dakan ganyen rogo za ta yi miyar ngunza, ni ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina tsefe kai, kitso rabi a kwance rabi a tsaye. Rediyo tana kan taga, ba abin da take yi sai badujala. Ƙarfe ɗaya kiɗan ya yanke.

Sai muryata.

Na ji ta daga tagarmu, na ji ta ta kan katangar dama, na ji ta ta hagu, domin kowane gida rediyo a kunne take ana jiran a ji wa ke riƙe da gari. Cikin fara'a nake cewa shinkafa, sukari, gazwal. Ina rufe baki wani namiji ya ɗauka yana haki, ya ce sojojin ƙasa sun gaji da yunwa, kuma gidan rediyo yana hannunsu.

Inno ta tsaya da taɓarya a sama.

"Ke Suwaiba. Me na ji?"

"Kaset ne, Inno."

"Na san kaset ne! Kaset ɗin wa?"

Da na ce muku gabana ya faɗi, ƙarya zan yi. Na dai lura ƙudaje sun taru a bakin turmi, na ce a raina ya kamata a rufe. Na ci gaba da tsifa.

Washegari haka. Jibi haka. Kafin kowace sanarwar masu bore, sai an ce Etablisman Ɗantsoho ne ya ɗauki nauyi. Yayana Luqman ya leƙa kasuwa ya dawo ya zauna a kan turmi bai ko cire takalmi ba.

"Ke, zancen ya cika gari fa. Wai Alhaji ne ke ciyar da su, shi ke ba su mai. An tare motar Alhaji a shingen masu gadin fadar shugaban ƙasa, aka tuntsurar da gangunan, aka yi wa Ɗantala direba dukan da ko tsayuwa ba ya iyawa. Suna dukansa suna cewa shinkafa, sukari, gazwal."

Na tambaye shi ko Ɗantala ya ci abinci. Ban san dalilin da ya sa wannan ce tambayar da ta fito ba. Ya dube ni kamar bai san ni ba.

Ran Talata Hajiya Rahmatu, ƙanwar Alhaji, ta yi sallama. Shadda ruwan toka, mayafi baƙi, ba awarwaro ko ɗaya a hannunta, ita da ko gidan rasuwa da gwal take zuwa. Inno ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na kawo ruwa a kofin tangaran na durƙusa. Ta ce sannu, ba ta taɓa kofin ba.

"Yaya Inno, aiko ni aka yi, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Alhaji ya ce ba ya fushi da kowa. Amma tun zamanin mahaifinmu gidan nan bai taɓa zama na wani ɓangare ba. Kowa ya hau mu sayar masa, kowa ya sauka mu sayar masa. Yau ga sunanmu a gaban bindiga."

"Hajiya, yarinyar nan ba da gangan..."

"Na sani. Wa ya ce da gangan ne? Amma ita ta sa shi, ita ta san yadda ake cire shi. Ya ce in sunan ya sauka daga rediyo kafin Juma'a, magana tana nan yadda aka barta. In an kai Juma'a ana ambatarsa, to kowa ya riƙe ɗansa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta juyo gare ni. "Kin ji, 'yata?"

"Na ji, Hajiya."

Tana fita Inno ta fara. Tun yaushe take ce mini in bar aikin nan? 'Ya'yan wasu suna koyon ɗinki, tata tana koyon roƙo a shaguna. Ga shi na jawo wa mutanen kirki masifa, na jawo wa kaina zaman gida ba aure. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta koma faɗa. Na ɗauki ruwan da Hajiya ta bari na zuba wa kaji.

Da la'asar Jamalu ya zo. Bai shigo zaure ba, a jikin katanga ya tsaya. Wata tsohuwar riga ce a jikinsa, ba hula ba turare, kamar ɗan dako.

"Na gwada zuwa gidan rediyon jiya," ya ce. "A shingen farko na juyo. Sunan yana jikin katina, Suwaiba. Masu gadin fada in sun gani za su ce na zo kai wa masu bore mai. Masu boren kuma in sun gani za su riƙe ni sai an kawo man."

"Ni zan je."

"Ba za ki je ba."

"To wa zai je?"

Ya sa yatsa yana ɓantarar ƙasar katangar. Na jira. Can ya ce Ɗantala yana samun sauƙi, ya fara shan kunu.

Ran Alhamis da hantsi na ɗaura tsohon zanen Inno, na yafa gyale marar ado, na cusa katin aikina a cikin ɗankwali. Na ce mata zan duba ko an buɗe injin niƙa. Ta san ƙarya ce. Ta ce in karanta Ayatul Kursiyyu, ta juya mini baya.

Ba taksi, ba bas. Na kama titin Boganda a ƙafa. Shagunan bakin hanya wasu an ɓalle ƙofofinsu, takardu birjik a kwalta. Wani mutum yana tura firij a pus-pus, wato amalanke, matarsa tana biye da fanka a ka. Can gaba wata tsohuwa ta baza garin gozo, wato garin rogo, a tire tana korar ƙuda, kamar ba abin da ya faru. Na wuce wani takalmi ƙafa ɗaya a tsakiyar titi. Duk na gani, ba abin da ya shige ni.

Kusa da gidan rediyo an gitta benci da tayoyi. Wani soja, wandon kaki da silifas, ido jajir, ya ɗaga mini bindiga.

"Mo gue na ndo wa?" Wato ina za ni.

Na gaishe shi da Sango, na ce a nan nake aiki, wani abu nawa na zo ɗauka. Ya karkata kai. Ya ce in sake magana. Na sake. Sai ya fashe da dariya ya ƙwala wa 'yan uwansa kira.

"Ku zo ku ga! Ita ce! Madam shinkafa-sukari-gazwal!"

Suka taru suna dariya, wani ya ce in faɗa masa sau ɗaya da bakina, wani ya ce shi dai sukarin yake jira har yau bai gani ba. Ko katin ba su nema ba. Har ƙofa suka raka ni.

Katifu ne shimfiɗe a baranda. Wari ko'ina. A kan teburina an ɗora tukunya, an yi murhu da kujerar maigidanmu. Na wuce ɗakin na'ura. Papa Firmin yana zaune inda yake zama kullum, da rigar da na san shi da ita, gemu ya fito masa fari. Tun ranar farko ba su bar shi ya je gida ba.

"Molenge ti mbi," ya ce, wato 'yata. Ya kama hannuna biyu. Sannan ya nuna kaset ɗin da jan zarensa, fuskarsa ta ɗan saki. "Kin ji ko? Ban tsallake ko rana ɗaya ba."

Na yi tafiyar nan duka da maganar da zan faɗa masa a bakina. Da na dube shi sai ta ɓace.

"Ranar farko bakin bindiga yana nan," ya taɓa bayan wuyansa, "suna cewa in buɗe musu makirfo. Ban san lokacin da hannuna ya ɗauko shi ba. Washegari na ce to bari in bari, sai Laftanan da ke shugabantarsu ya ce ina muryar matar nan ta jiya?"

"Papa, ba ni shi."

"Ba nawa ba ne yanzu, 'yata."

Laftanan ɗin yana ofishin darakta. Na zaci ƙato zan gani. Siriri ne mai tabarau, yana ɓare gyaɗa yana tara ɓawon a cikin hularsa. Ya ba ni kujera. Na yi masa bayani tiryan-tiryan: mutanen nan 'yan kasuwa ne, ba ruwansu da kowa, an daki direbansu, kuma aurena yana rataye da kaset ɗin nan. Har wannan na faɗa masa. Ya saurara bai katse ni ba.

"Madmazel, bari in gaya miki abin da na lura. In soja ya fara magana, mutane kashe rediyo suke su shige ƙarƙashin gado. In suka ji ki, sai su ce a'a, ashe labaran ƙarfe ɗaya ne, su matso. Uwata ma a ƙauye ta san muryarki." Ya hura ɓawon gyaɗa daga tafinsa. "Sunan Alhajinki bai dame ni ba. Shinkafarsa ba ta dame ni ba. Muryar nake so."

Ya turo mini takarda, rubutun hannu, shafi guda.

"Ki ɗauki kaset ɗinki. Ki karanta wannan."

"Ba sunan kowa?"

"Ba sunan kowa."

Masu karatu, na san abin da za ku ce. Wasunku za su ce da sun ƙi. Wataƙila. Ni abin da ke kaina a lokacin guda ɗaya ne: gobe Juma'a. An ce sunan ya sauka, ga hanyar saukar da shi. Ban hango komai bayan wannan ba.

Ƙarfe ɗaya Papa Firmin ya rage badujala, ya ɗaga mini yatsa, jar fitila ta kama. Na karanta cewa sojoji ba su da rigima da talaka, haƙƙinsu suke nema. Na karanta cewa mata su buɗe kasuwa, kowa ya shige gida kafin magariba. Da Faransanci, sannan da Sango. Muryata ba ta yi rawa ba. Yadda nake tallar sabulu haka na karanta, har da ɗan murmushin da aka koya mana, wai ana jin sa a rediyo.

Da fitilar ta mutu Laftanan ya tafa sau biyu daga bakin ƙofa. Da hannunsa ya kwance kaset ɗin ya miƙo mini.

"Gobe sha biyu mota za ta zo ta ɗauke ki, kada ki sha rana."

"Mun yi da kai yau ne."

"Mun yi da ke ba sunan kowa, kuma na cika. In motar ta zo ba ta same ki ba, ba za ta dawo wayam ba. Janaretan nan ya kusa shanye abin da ke ciki, kuma albarkacinki, kowane yaro a nan ya san inda ake sayar da gazwal. Su ɗauko man, su ɗauko mai man."

Ya sa a mayar da ni gida a motarsu. Na roƙi direban ya sauke ni nesa da unguwa. Ya ce an umarce shi ya kai ni lafiya. A bakin kasuwa ya tsaya, daidai rumfar masu nama, sojoji biyu a baya suna ɗaga mini hannu suna "Sai gobe, Madam!" Na sauko. Mutanen da suka san ni tun ina goye suka riƙa duban wani wajen.

Jamalu yana ƙofar gidanmu. Daga ciki ba motsin komai, ko ƙarar kwano. Na kwance bakin gyalena na ba shi kaset ɗin.

"Ga shi."

Ya karɓa. Ya juya shi gaba da baya.

"Baba ya ji," ya ce.

"Sunansa bai fito ba."

"Bai fito ba."

"To an cika sharaɗi."

"An cika." "Yana shago da mutane lokacin. Wani ya ce, Alhaji, wannan ba surukarka ba ce?"

"Me ya ce?"

"Ya ce shi ba shi da suruka a rediyo. Ya tashi ya yi alwala."

Na gyaɗa kai. Ƙafafuna sun yi futu-futu da ƙura, wata 'yar ƙaya ta shige mini ƙarƙashin babban yatsa, ita nake ji fiye da komai.

"Ki saurare ni, Suwaiba." Ya matso, ya rage murya. "Ni ban janye ba. Ba zan janye ba. Gobe in an sauko daga masallaci zan same shi, zan tafi da Liman, na riga na yi masa magana. Kowa ya san tilasta miki aka yi. Mace ita kaɗai a tsakiyar bindigogi, me za ta yi? Sau ɗaya ne. Mutane za su manta, Baba ma zai huce, na san shi. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Kada a sake jin ki. Ko tari kada a sake ji. In dai wannan ne na farko kuma na ƙarshe, wallahi zan iya da shi."

Idonsa ya ciko. Na tsaya ina kallon yadda ƙwallar ta taru ba ta zubo ba, ina jira in ji wani abu a ƙirjina. Shiru.

"Gobe sha biyu za su turo mota," na ce.

"Ki ɓuya! Gidan Goggona a Kokoro, ba wanda zai..."

"In ba su same ni ba shagonku za su wuce. Kai za su ɗauka, ko Alhaji."

Ya sa ɗan yatsa a ramin kaset ɗin yana juyawa, yana juyawa, har zaren ya kai ƙarshe ya ƙi gaba. Aka kira sallar la'asar, bai motsa ba.

Na bar shi a nan na shiga ciki. Inno tana zaune a kan darduma ta fuskanci bango. Na buɗe akwati na ciro atamfar aikina mai ruwan ganye, na zuba gawayi a dutsen guga, na durƙusa ina hurawa.